Babi na Shida: Ɓaure Mai Ƙaya da Shingen Gona

Duk wanda ya taɓa bin burtali a ƙasar Gude cikin watan Maris ya san yadda duniya take a lokacin. An daɗe da kwashe amfanin gona, an ɗaure kara an kai gida, awaki da tumaki sun lashe ɗan abin da ya saura. Ƙasa ta yi fari fat, iska ta fara zafi, shanun da aka ga suna sheƙi a watan Nuwamba yanzu ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Abin da kawai ke tsaye dama da hagu shi ne aguwa. Ta zubar da ganye, rassanta sun yi toka-toka kamar sun mutu, amma in ka karya ɗaya sai ka ga farin nono ya ɓulɓulo. Wata biyar ke nan rabonta da ruwan sama, ga ta nan da ranta.

Muna yara abu ɗaya aka koya mana game da ita: in ka taɓa nononta kada ka kai hannu ido. Na taɓa mantawa sau ɗaya, kuma ban sake mantawa ba. Na wuni ina hawaye, ido ya kumbura, kakata tana wanke mini tana faɗa. Ban da wannan, aguwa ba abar da ake tsayawa kallo ba ce. Manomi ya sari reshe gab da faɗuwar damina ya soke a iyakar gonarsa, shi ke nan ya gama aikinsa. Ita ce ke raba gona da hanyar shanu, ita ce ke riƙe ƙasa in ruwa ya ɗauko, kuma sau da yawa ita ce shaidar da mai unguwa ke dubawa in an yi rigimar iyaka.

Na kawo zancen aguwa ne saboda wata magana da ta daɗe tana yawo tsakanin masana harkar makamashi, wai tsiron da ke rayuwa a busasshiyar ƙasa ba tare da ban ruwa ba shi ne zai ba wa duniya man mota da gas na girki, har da abin da zai maye gurbin fata da leda. Tsiron da suka fi ambata ba aguwa ba ce. Wani ɗan ƙasar Meziko ne da mutanen can ke kira nopal. Larabawa na ce masa ɓaure mai ƙaya, kuma da wannan sunan zan riƙa kiransa, don ya fi sauƙi a bakinmu.

Kafin a yi nisa sai an raba tsaki da tsakuwa, domin mutane da yawa da suka ga hotonsa sai su ce, ai ƙerana ce. Kamanni ne kawai. Ƙerana da tinya da aguwa dangi ɗaya ne, 'yan Afirka, dukkansu masu farin nono mai dafi. Shi kuwa ɓaure mai ƙaya daga nahiyar Amurka ya fito, Sifaniyawa ne suka tsallako da shi teku bayan shekarar 1500, daga nan ya bazu a gaɓar Bahar Rum. Ba shi da reshe irin na itace. Wasu faya-fayai ne kore masu kauri, kamar tafin hannun ƙato, wannan ya hau kan wannan. In ka yanka ba za ka ga nono ba, yauƙi za ka gani irin na kuɓewa. Mutanen Meziko suna yanka ɗanyun faya-fayan su soya su ci, suna shan 'ya'yan, har a tutar ƙasarsu suka zana shi, gaggafa ta sauka a kansa da maciji a baki. Mutum ya ci ƙerana kuwa sai dai a yi ta addu'a.

Sirrin juriyarsa yana cikin yadda yake numfashi. Dawa da gero da masara suna buɗe 'yan ƙofofin ganyensu da rana don su shaƙi iskar da suke haɗa abinci da ita, kuma ta waɗannan ƙofofi ne rana ke zuƙe musu ruwa. Ɓaure mai ƙaya yana kulle nasa da rana. Sai dare ya yi, gari ya yi sanyi, sannan ya buɗe ya shaƙi iskar ya adana ta a jikinsa, gari na wayewa ya rufe ya yi girkinsa a ciki da hasken rana. Abarba ma haka take yi. Da wannan dabara ruwan da yake ɓatarwa kafin ya samar da nauyi ɗaya na tsiro bai kai rabin na hatsi ba, wani lokaci ma ya gaza haka nesa ba kusa ba. Sauran ruwan yana ajiye cikin faya-fayan, shi ya sa kusan kashi 90 cikin 100 na nauyinsu ruwa ne zalla. A riƙe wannan adadi, don za mu dawo kansa.

A garin Zitácuaro da ke jihar Michoacán ta Meziko, wani ɗan kasuwa mai suna Rogelio Sosa, wanda sana'arsa sarrafa masara ce, ya gaji da kuɗin gas da masana'antarsa ke ci. Da shi da wani injiniya, Miguel Aké, suka kafa kamfanin Nopalimex. Aikin ba mai wuyar ganewa ba ne. A sari faya-fayan, a markaɗe, a gauraya da kashin shanu, a zuba cikin wani ƙaton rumbu da aka toshe yadda iska ba ta shiga. Ƙananan halittun da ido ba ya gani su yi ta ruɓar da shi, suna fitar da gas wanda fiye da rabinsa mai kamawa da wuta ne. Da shi suka riƙa dafa masararsu, daga baya suka tace shi suka fara zuba wa motoci. A Milpa Alta kuma, wani yanki na kudancin birnin Meziko inda ake noman nopal sosai, an buɗe irin wannan rumbu a 2017 kusa da kasuwar da ake fere shi, don ɓawo da ƙayar da ake zubarwa kullum su zama gas da lantarki maimakon juji.

Abin da ya sa yake saurin ba da gas shi ne jikinsa ba shi da ƙarfin itace. Karan dawa in ka jefa a rumbu sai ya yi watanni bai narke ba, shi kuwa wannan 'yan kwanaki ne. Amma saurin nan shi kansa matsala ne, don in aka zuba shi kaɗai sai rumbun ya yi tsami, halittun da ke aikin su mutu, gas ya tsaya. Shi ya sa ake haɗawa da kashin dabba. Ke nan ko a Meziko ma saniya tana cikin lissafin.

Sai maganar fata, wadda ita ta fi ɗaukar hankalin Bakano. A 2019 wasu matasa biyu, Adrián López Velarde da Marte Cázarez, suka kai wani abu mai kama da fata baje kolin fatu na birnin Milan a Italiya, suka sa masa suna Desserto. A gonarsu da ke Zacatecas ake saran faya-fayan da suka ƙosa, a markaɗe, a shanya, a mayar gari, sannan a haɗa da wasu sinadarai a shimfiɗa a kan yadi. Ana ɗinka jaka da takalmi da shi. A jami'ar Valle de Atemajac kuma, kusa da Guadalajara, wata malama mai suna Sandra Pascoe Ortiz ta yi leda daga yauƙin tsiron, wadda ke ruɓewa in an binne ta. Wannan na biyun ya fi burge ni, don kowa ya ga yadda baƙar leda ta cika gonakin bakin gari, ya ga abin da mahauta ke cirowa daga tumbin akuya. Ita kuwa fatar, da masu bincike a Jamus suka duba ta sun tarar akwai roba a cikin haɗin. Ƙasar da ta yi ɗaruruwan shekaru tana jeme fatar jar akuya, har fatake suka tsallaka Sahara da ita Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, ba ta da dalilin rawar jiki kan wannan. Dukawan Kano da masu sayar da takalmi a Ƙofar Wambai su kwantar da hankalinsu.

To, me zai hana a cika ƙasar Kabo da Gwarzo da wannan tsiro? Na taɓa yi wa kawuna wannan bayani a ƙofar gida bayan la'asar, ina ta zuba da zumuɗi irin na wanda ya karanto sabon abu. Ya bar ni na kai aya, sannan ya ce, "To, ɗan nan, na ji. Amma ba irin wannan maganar aka yi mana a kan bini-da-zugu ba?"

Na ce, "Ai Kawu wannan daban ne."

Ya ce, "Wancan ma da aka zo da shi daban aka ce."

Gaskiyarsa. Bini-da-zugu ma ɗan shinge ne, tun kaka da kakanni muke ganinsa a bakin gona da bayan gida. Sunansa kansa gargaɗi ne, don zugu farin ƙyalle ne irin wanda ake likkafani da shi. Kwatsam wajen 2007 duniya ta waye da labarin cewa 'ya'yansa, waɗanda kusan sulusinsu mai ne, za su maye gurbin man dizal, kuma wai a kan fako ma yana yi, ba taki ba ban ruwa. Indiya ta ɗaura ɗamarar shuka miliyoyin kadada. Kamfanin BP ya haɗa gwiwa da wani mai suna D1 Oils a 2007. A wannan shekarar Najeriya ta fitar da manufarta kan man da ake samu daga tsirrai, aka ɗora wa NNPC jagoranci. A Disamban 2008 jirgin Air New Zealand ya tashi, ɗaya daga cikin injinansa huɗu yana shan haɗin da rabinsa man bini-da-zugu ne. A nan gida ma an yi taruka, an raba iri, an kafa ƙungiyoyin manomansa. Na san wanda ya ba shi rabin gonar dawarsa saboda wasu mutane sun zo da mota sun yi alkawarin za su sayi duk abin da ya tara. Ya tara buhu biyu da 'yan kwanuka, bai sake jin ɗuriyarsu ba, kuma abin ba ya ciyuwa ga mutum ko dabba.

Abin da ya faru ba ɓoyayye ba ne. Rayuwa a fako daban, ba da amfani a fako daban. Bini-da-zugu ba ya mutuwa a ƙasa mara kyau, amma ba ya yin 'ya'yan kirki sai ya samu ruwa da taki, wato sai a ƙasar da za ta iya ba da hatsi. BP ya janye a 2009. Kamfanin Sun Biofuels, wanda ya karɓi dubban kadada a Kisarawe ta Tanzaniya, ya durƙushe a 2011 ya bar ƙauyawa ba aiki ba gona. Inda abin ya ɗan yi ma'ana shi ne wurare irin Garalo a Mali, inda aka nufi samar wa gari ɗaya wuta da man da manoman garin suka tara. Tun kafin wannan ma an yi irinsa da dangin aguwa. Bayan tashin farashin mai na 1973, Melvin Calvin, masanin da ya ci kyautar Nobel a 1961, ya yi ta kiran a noma su a tace nononsu ya zama mai. Da aka gwada a gona, abin da aka samu bai kai abin da aka lissafa a takarda ba.

Ɓaure mai ƙaya ba zai kuɓuta daga wannan doka ba. Manyan alƙaluman da ake bugawa na yawan abin da kadada ɗaya ke bayarwa, daga gonakin da aka zuba wa taki ne, sau da yawa har da ban ruwa. Kuma akwai abubuwa biyu da suka shafi ƙasarmu musamman. Dabarar numfashin dare tana son dare mai sanyi, kamar na hunturu. Darenmu na Afrilu da Mayu, wanda mutum ke kwana a tsakar gida yana fifita, ba ya taimaka masa. Sannan ba ya son ruwa ya kwanta a gindinsa, nan da nan yake ruɓewa, don haka fadama da ƙasar laka ba nasa ba ne a watan Agusta. Jigawa mai tsane ruwa ita ce tasa. Ko zai yi kyau a jigawar Gude, gwaji ne kaɗai zai nuna, kuma masu gwajin ba su da nisa: Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Ƙasashe ta Jami'ar Bayero tana kan titin Gwarzo, ga cibiyar binciken noma ta Samaru da ta dabbobi ta Shika a Zariya.

Yanzu mu dawo kan kashi 90 ɗin nan. In ka cika amalanke da faya-fayai buhu goma, buhu tara ruwa ka ɗauko wa shanun huɗarka. Ba ya kamawa da wuta kamar kara, kuma ba abin da za a loda a tirela a kai wata masana'anta a Sharaɗa ko Challawa ba ne, kuɗin man motar zai cinye ribar. Rumbun dole ya kasance a gefen gonar. Wannan kaɗai ya isa ya rushe mafarkin manyan gonakin mai. Amma wannan ruwan da ya zama kaya ga mai neman man fetur, shi ne zinariya ga mai saniya a watan Maris.

Nan ne ainihin amfanin tsiron yake, kuma ba sabon abu ba ne. A arewa maso gabashin Barazil, yanki mai fari kamar namu, an shuka nau'in da ba shi da ƙaya a kan dubban ɗaruruwan kadada, kuma da shi masu shanun madara ke ƙetare rani. Haka a Tunisiya. A Tigray ta Habasha suna kiransa beles, mutane su sha 'ya'yan a watannin da rumbu ya yi ƙasa, dabbobi su ci faya-fayan. A 2017 Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya da cibiyar ICARDA suka fitar da littafi guda a kansa, suna jan hankalin ƙasashe masu fari. Dabbar da ke cinsa ta ci abinci ta sha ruwa a lokaci ɗaya. Sai dai ba ya gina jiki shi kaɗai, kuma in ya yi yawa yana sa zawo, don haka sai an haɗa da harawa ko dusa ko ƙulin auduga, abubuwan da mai kiwo a nan ya riga ya sani. Shuka shi ma kusan irin ta aguwa ce: a ɓalli faifai, a bar shi a inuwa kamar mako guda bakin ya bushe, a binne sulusinsa a tsaye.

In aka bi ta wannan hanya, gas ɗin zai zo da kansa ta bayan gida. Saniyar da ta ƙoshi a turke tana ba da kashi kullum a wuri ɗaya, kuma kashi shi ne abin da rumbun gas ya fi so. Ragowar faya-fayan da dabbobi suka bari a zuba a kai. Abin da ke fitowa daga rumbun bayan gas taki ne mai kyau, a kai shi gonar dawa. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ta daɗe tana gina irin waɗannan rumbuna da kashin shanu. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, gidaje da yawa da suka fara sabawa da gas na silinda sun koma itace da gawayi, kuma kowa na ganin motocin itace suna shiga Kano ta hanyoyin yamma. Uwargidan da za ta kunna wuta daga rumbun bayan ɗakinta ta rage wa kanta hayaƙi a ido, ta rage wa marke da ƙirya gatari.

Akwai tarko ɗaya da ban ga hanyar zagaye shi cikin sauƙi ba. Aguwa da bini-da-zugu sun zama shinge ne don akuya ba ta cin su. Nau'in ɓaure mara ƙaya kuwa, in aka dasa shi a fili, awakin rani da ake saki za su cinye shi har ƙasa kafin ya yi saiwa. Shi ma sai an yi masa shinge. In aka ce to a kawo mai ƙayar ya tsare kansa, sai a tuna da Ostireliya. An kai dangin tsiron can, wasu ma don shinge aka dasa su, suka ɓalle. Zuwa 1925 sun mamaye kimanin kadada miliyan 24 a Queensland da New South Wales, wato kusan jihar Kano sau goma sha biyu, manoma suka riƙa barin gonakinsu. Wani ɗan malam-buɗe-littafi da aka ɗauko daga Ajantina aka saki a 1926, tsutsarsa ta cinye su cikin 'yan shekaru. A Laikipia ta Kenya yanzu haka makiyayan Masai na fama da wani nau'in mai ƙaya da ke raunata bakin awakinsu da idanunsu, har wasu ƙungiyoyin mata suka koma sarar shi suna yin gas, don dai a rage shi. Ta ɗaya ɓangaren kuma, ƙasar da ta jingina da shi kacokan tana iya wayar gari babu: wani ƙwaro mai kama da auduga ya ɓulla a Maroko a 2014 ya kashe gonaki masu yawan gaske, danginsa kuma ya yi wa Tigray irin wannan ɓarna. Duk wanda zai shigo da iri ya shigo da shi ta hannun masu binciken lafiyar tsirrai, ba a cikin jakar tafiya ba.

Hukuncina shi ne wannan. Ɓaure mai ƙaya ba zai cika tankin motar kowa a Kano ba, kuma duk wanda ya zo wa manomin Gude da maganar ya tuge dawarsa ya shuka shi don wani kamfani zai saya, a tambaye shi ina buhunan bini-da-zugu suka kwana. Wurinsa shi ne layi biyu ko uku a cikin shingen aguwa, ko garka a bayan gida, nau'i mara ƙaya, don sa da tunkiya su ci daga Fabrairu zuwa faɗuwar ruwa. Ga malaman da ke kan titin Gwarzo da na Shika kuma, roƙona ƙarami ne: ku dasa shi a gonakin mutane goma a Gude da Garo da Getso, ku bar shi ya sha damina uku da bazara uku, ku auna abin da ya bayar da abin da dabba ta ƙaru, sannan ku zo ƙofar gidan dagaci ku faɗa wa mutane abin da kuka gani da Hausa.